Ƙararrawa Biyu a Kan Tsauni Ɗaya

Akwai wani dattijo mai suna Ntate Mokhethi (Ntate na nufin Baba a harshen mutanen yankin), wanda aikinsa shi ne koya wa yara zamiya a kan dusar ƙanƙara, a wani wurin shaƙatawa da ke kan tsauni, can sama da garin Butha-Buthe. Ina roƙon masu bibiyar wannan shafi su karanta labarinsa a tsanake, ba irin karatun zamani na tsallake layi ba, domin abin da ya same shi yana iya samun duk wani mai sana'a da ya daɗe yana shan yabo.

Wajibi ne in fara da yi masa adalci. Mokhethi gwani ne na gaske. Da kiwon tumakin mahaifinsa ya tashi a waɗannan tsaunuka, daga baya ya sami aikin shara a wurin, ya koyi zamiya da tsofaffin katakan ɗaurawa a ƙafa da baƙi suka yar, har ta kai an tura shi ƙetare ya dawo da takardar shaidar koyarwa. Idan ya ɗaura katakansa ya gangaro, baƙi sukan ajiye kofunan shayi su miƙe tsaye domin kallo.

Wurin yana da wata al'ada. A ranar rufe kakar sanyi, wadda a wannan yanki take zuwa ƙarshen watan Agusta, akan jera dukan yaran da suka yi karatu a layi guda, malami ɗaya ya yafa wani jan bargo, ya ja su su gangaro a gaban iyayensu. Tun da aka soma wannan al'ada, bargon bai taɓa hawa kafaɗar kowa ba sai ta Mokhethi. A gidansa ma ake ajiye shi, matarsa ke wanke shi. Ya daina ganinsa kayan ma'aikata, ya mayar da shi tamkar gadon ubansa.

A wannan shekara sai aka ɗauki wata sabuwar malama, budurwa daga garin Mokhotlong, sunanta Puleng. Ita ma tana da takardarta, ita ma 'yar makiyaya ce. Aka ba ta ajin 'yan ƙanana, masu shekara huɗu zuwa shida, wato ajin da kowane malami ke gudu. A nan ake kuka, a nan ake yar da safar hannu, a nan ne sai an gama ɗaure wa yaro takalma da hular kwano sannan zai ce fitsari yake ji.

Puleng ta zo da wani abu da ba a taɓa gani ba a wurin. Wata 'yar ƙaramar ƙararrawa ce ta ɗaura a ƙugunta, irin wadda ake rataya wa ragon da ke gaban garke. Ranar farko ta tara yaran ta durƙusa a gabansu.

"Daga yau ku tumakina ne," in ji ta. "Doka biyu ce kawai. In kun ji ƙararrawa, ku biyo ta. In ta yi shiru, kowa ya zauna daɓas a inda yake. Wa zai riga kowa zama?"

Ta yi gaba tana kaɗawa, yara suka bi ta suna tangaɗi. Ta damƙe ƙararrawar da hannu, sai ga su sun zube a ƙanƙara kamar an kakkaɓe su daga bishiya, suna ƙyalƙyala dariya. Ranar ba su yi wani abin kirki ba sai wannan. Washegari ma da shi suka fara.

Hikimarta a fili take ga mai tunani. Ƙaramin yaro da hular kwano ta rufe masa kunnuwa, ga iska tana busawa, ba ya jin dogon bayani. Tsayawa a kan katako ana cikin gudu kuwa sai an yi kwanaki ana koyo, amma zama kowane yaro ya iya shi tun daga gida.

Mokhethi yana kallon duk wannan daga tagar ɗakin takalma, inda tsohon abokinsa Ntate Pitso yake ba da hayar kayan zamiya.

"Dubi wannan shirme, Pitso," in ji shi. "Iyaye su zubo kuɗi, maloti masu yawa, su hawo wannan tsauni, wai don a koya wa 'ya'yansu faɗuwa!"

Pitso bai ɗago kai daga takalmin da yake gyarawa ba. Ya ce, "Shirme ne ƙwarai. Shi ya sa tun safe ka manne a tagata kana kallonsa. Matsa mini, ka tare mini haske."

"Ni duba aikin makaranta nake yi."

"To Allah ya ba da lada, Ntate mai duba. Kununka dai ya huce."

Ba a yi mako biyu ba sai da aka san ajin Puleng a ko'ina. Iyaye suka riƙa tsayawa a bakin shinge suna ɗaukar hoton 'yan tumakin da wayoyinsu. Yaran da suka zo da kuka suka koma yin kuka idan an tashi. Har ɗaliban Mokhethi, manya masu shekara goma zuwa sama, waɗanda yake koya wa juyi irin na gasa, ya riƙa kama su suna waiwaye duk lokacin da 'yar ƙararrawar ta wuce.

Ya san ƙarfe nawa take fitowa. Ya san waƙar da take yi musu in suna jiran igiyar da ke jan mutane zuwa sama. Ya san yaron da take sawa a bayanta domin shi ne mafi tsoro. Na daɗe da lura cewa babu ɗalibin da ya kai mai hassada mayar da hankali, sai dai shi karatunsa ba ya amfanarsa da komai in ban da ciwon zuciya.

Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa daga gidansa ya fito. Jikarsa Bonolo, 'yar shekara biyar, ta zo hutu daga birnin Maseru, kuma bisa ga shekarunta ajin Puleng aka sa ta. Mokhethi ya daɗe yana jiran ranar da zai ɗaura wa wannan yarinya katako da hannunsa, har ya saya mata 'yar hular kwano rawaya tun kafin ta iso.

Wata rana da yamma suna cin tuwon masara da ganye, sai ga Bonolo ta shigo ta ɗaura kofin silba da cokali a ƙugunta da zare, tana zagaya ɗaki tana ƙwalam-ƙwalam.

"Kaka, ka biyo ni! In na yi shiru ka zauna!"

"Ai a zaune nake, uwata. Zo ki ci abinci."

"Kaka, in na girma Ausi Puleng zan zama," in ji ta, wato Yaya Puleng.

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. "Ba za ki zama kamar Kaka ba? Kin san ni ne na fi kowa gudu a tsaunin nan?"

Yarinyar ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da yara ke yi ba tare da sun san yana da kaifi ba. Ta ce, "Kai ai ba ka da ƙararrawa."

Matarsa ta fashe da dariya har tana share hawaye. Shi bai yi dariya ba. Bai kuma ƙarasa tuwon ba.

Ana cikin haka sai shugabar wurin, Mme Malefa, wato Uwargida Malefa, ta tara malamai ta sanar da wani sabon tsari. Ta ce a bana yara ne za su zaɓi wanda zai yafa jan bargo. Ranar jajibirin rufewa malamai za su tsaya a fili, kowane yaro ya je ya tsaya a bayan wanda yake so.

Mokhethi ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa. "Mme, tun yaushe aka fara tambayar masu majina ra'ayinsu a kan al'amuran makaranta?"

"Tun da muka tuna cewa makarantar tasu ce, Ntate," in ji ta. "Kai da kake da dogon tarihi a nan, me za ka ji tsoro?"

Puleng ta sunkuyar da kai, domin ta san inda maganar ta dosa, kuma ba ita ta nema ba.

Daga ranar barcin Mokhethi ya ragu. Ya zauna ya yi nazari, nazarin ya kai shi ga kuskuren da masu hassada suka saba yi, wato ya ɗauka cewa sirrin yana cikin kayan aikin ne, ba cikin mai riƙe da shi ba. Ya ce a ransa, ai ƙarfe ne kawai. In ƙarfe ne ke jan yara, to wanda ƙarfensa ya fi girma shi zai fi ja.

Ranar hutunsa ya sauka kasuwar Butha-Buthe, ya wuce masu sayar da ƙararrawar tumaki bai ko dube su ba, ya je ya sayi ta shanu, wadda ake rataya wa bijimin noma. Girmanta ya kai kwanon sha. Washegari ya ɗaura ta a bayan ɗamararsa ya shigo ɗakin takalma yana tafiya tana gwaram-gwaram.

Pitso ya dafe ƙirji. "Wayyo! Na ɗauka shanun wani ne suka ɓalle suka shigo mini! Ina garmar, Ntate? A waje ka baro ta?"

"Yi dariyarka. Za ka gani ranar zaɓe."

Pitso ya daina dariyar, ya ajiye abin da ke hannunsa. "Mokhethi, ni da kai tare muka yi kiwo. Ka tuna shekarar da garkenku ya haɗu da na gidan kawuna a cikin gajimare, raguna biyu kowanne da ƙararrawa? Sai da muka kwana muna tsince tumaki daga cikin kwazazzabo. Kai ne ka fi kowa kuka, don kai aka doka."

"Waɗancan dabbobi ne. Waɗannan 'ya'yan mutane ne."

"Ita dai yarinyar ta ce musu su tumaki ne, kuma sun yarda."

Mokhethi ya ɗauki katakansa ya fita.

Ɗalibansa manya suka yi ta gumtse dariya a bayansa duk tsawon ranar. Wani daga cikinsu ma ya yi kukan saniya a hankali. Amma Mokhethi ya lura da wani abu da ya faranta masa rai: duk lokacin da ya wuce kusa da filin 'yan ƙanana, ƙarar tasa takan danne ta Puleng gaba ɗaya, kawunan yaran kuma su juyo wajensa.

Da aka tashi, Puleng ta same shi yana kwance takalma. Ta tsaya daga nesa kaɗan, ta haɗa hannuwa kamar yadda ya kamaci ƙarami a gaban babba.

"Ntate, barka da aiki. Wata alfarma na zo nema."

"Ina jin ki, 'yata."

"Ƙararrawar nan taka. Don Allah in za ka wuce ta mararrabar sama, ka riƙa riƙe ta. Yarana ba su san bambancin tawa da taka ba. Abin da suka sani kawai shi ne, in ta yi ƙara a bi ta."

Ya yi wani ɗan murmushi marar daɗi. "Au! Ashe ƙararrawa ma akwai mai izini da marar izini? A wane ofishi kika yi rajistar taki?"

"Ba haka nake nufi ba, Ntate."

"Tun ba a haife ki ba nake gangara wannan tsauni. In yaranki sun fi son jin tawa, wannan kuma matsalarki ce."

Ta ce, "In maganar bargo ce, wallahi ni ban damu da shi ba. Zan iya gaya wa Mme Malefa a cire sunana."

Wannan magana da ta yi da kyakkyawar niyya ita ce ta fi yi masa zafi. Ya miƙe tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. "Sadaka za ki ba ni? Ni Mokhethi? Bar sunanki a inda yake!"

Ya kamata in yi bayanin wannan mararraba, domin a kanta sauran labarin ya rataya. A inda igiyar da ke jan mutane take sauke su, hanya ta rabu biyu. Ta hagu shimfiɗaɗɗiya ce mai sauƙi, ta 'yan ƙanana. Ta dama ta gwanaye ce, mai tsananin gangara. Kuma kamar yadda kowa ya sani, yawancin ƙanƙararmu injina ne ke feso ta, saboda haka faɗinta ƙayyadadde ne. Wanda ya kauce daga farin zirin nan, busasshiyar ciyawa da baƙaƙen duwatsu ne za su tarbe shi.

Kwana kaɗan kafin zaɓe, da hantsi, gajimare ya sauko ya zauna a kan tsaunin. Mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon ɗaki a gabansa. Puleng ta yanke shawarar sauko da yaranta a hankali su koma ciki su sha shayi. A daidai mararrabar sai wani yaro ya fashe da kuka, katakonsa ɗaya ya kwance. Ta cusa 'yar ƙararrawarta cikin aljihu don ta yi shiru, sauran yaran suka zauna daɓas a layi bisa doka, ita kuma ta juya musu baya ta durƙusa tana gyara wa mai kukan.

A wannan lokacin Mokhethi ya iso. Ya riga ya tura ɗalibansa sun gangara, shi ne na ƙarshe. Ya hango inuwar Puleng a durƙushe, ya tuna roƙon da ta yi masa. Da ya sa hannu ya riƙe ƙararrawar na ɗan lokacin da zai wuce, da ba ni da labarin da zan ba ku yau.

Bai riƙe ba. Har ma ya ɗan girgiza ƙugunsa don ta ƙara amo, ya karkata dama ya bi hanyar gwanaye.

Bai yi nisa ba sai ya ji dariya a bayansa, siririyar dariya ta ƙananan yara. Ya waiwaya. Ga 'yan hulunan kwano suna ɓullowa daga cikin gajimare ɗaya bayan ɗaya, a layi, hannuwa a buɗe. Ta gaba rawaya ce.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗin ji. Abin da ya fara shiga zuciyarsa murna ce. Ga su nan sun bar ta sun biyo shi, har da jikarsa a gaba! Sai a numfashi na biyu ya tuna a wace hanya suke.

"Ku tsaya!" ya daka tsawa. "Bonolo! Tsaya! Ku haɗa kan katakanku!"

Babu wanda ya ji shi. Iska tana busawa, huluna sun rufe kunnuwa, ga kuma ƙararrawar bijimin tana gwaram-gwaram ta danne muryar mai ita. Gudun yaran yana ƙaruwa. Gaba kaɗan hanyar za ta yi kwana, kuma ya san babu ɗaya daga cikinsu da ya iya kwana a irin wannan gudu. Kai tsaye za su wuce cikin duwatsu.

In ya ja birki a gabansu, ɗaya zai iya tarewa, wataƙila biyu, sauran su wuce ta gefensa. Duk gwanintarsa, da takardarsa ta ƙetare, da kofunan gasar da ke jere a ɗakinsa, babu abin da ke da amfani a wannan wuri. Abu ɗaya ne ya rage, shi ne wasan nan da ya kira shirme, wanda ya haddace daga tagar Pitso.

Ya saki sandunan zamiyarsa biyu, ya kai hannuwa baya, ya cusa yatsunsa cikin bakin ƙararrawar ya damƙe ƙarfen da ke kaɗawa a ciki.

Tsaunin ya yi tsit.

Ta gefen ido ya ga rawayar hula ta yi ƙasa. Ta bayanta ta bi. Ɗaya bayan ɗaya suka zube daɓas, suka ɗan ja da mazaunai a kan ƙanƙara, suka tsaya, suna dariya suna gardamar wa ya riga wa.

Shi kuwa mutumin da ke gudu a gangara da hannuwa biyu a baya, ba shi da abin da zai daidaita jikinsa da shi. Kwanar ta zo, katakonsa na dama ya kauce daga farin ziri ya ci ciyawa. Ya tashi sama. Kowane mahaluki idan zai faɗi yakan miƙa hannu ya tare ƙasa, wannan ba koyo ba ne, halitta ce. Amma Mokhethi ya san in ya saki ƙarfen nan ya yi ƙara ko sau ɗaya, yaran za su miƙe su nufo wajen ƙarar, wato cikin duwatsun da shi yake faɗawa.

Bai saki ba. Da kafaɗa da fuska ya sauka, ƙafarsa ta shige tsakanin duwatsu biyu, ya ji ta yi ƙas kamar busasshen icce.

Ya kwanta a nan, hannuwa a ƙarƙashinsa, jini na zuba daga goshinsa, ba ya iya sharewa. Bai ma yarda ya yi ihu ba, don kada Bonolo ta gane muryarsa ta taso. Yana jin su a sama kaɗan suna hira.

"Yau shirun ya daɗe."

"Kar ka tashi! Wanda ya tashi ya faɗi wasa!"

Can sai ga Puleng ta ɓullo daga gajimare a guje, fuskarta ta yi fari fat. Ta ƙirga yaranta, ta ƙirga kuma. Sannan ta daidaita muryarta ta ce, "Kai, tumakina sun iya zama! Yanzu sabon wasa. Kowa ya cire katakonsa, amma kada mazaunansa su bar ƙasa."

Sai da ta tabbatar babu mai katako a ƙafa, sannan ta sauko inda yake. Ta dubi ƙafar, ta dubi yadda ya murɗe hannuwansa a baya, ta gane komai ba tare da an gaya mata ba.

"Sun cika?" ya tambaya da ƙyar.

"Sun cika, Ntate. Ko ƙwarzane babu."

"Cire mini wannan abin, 'yata. Yatsuna sun mutu."

Ta tuɓe hularta ta ulu, ta cusa a bakin ƙararrawar a hankali yayin da yake zare yatsunsa, sannan ta kwance ta daga ɗamararsa ta ajiye a ciyawa. Ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Na ga manya masu furfura da suka kasa haɗiye wannan jimla a lokacin da ta fi daɗin faɗi. Ita ta haɗiye, ta kira masu ceto a waya, ta yafa masa rigarta.

A asibiti aka ɗora ƙafar aka naɗe ta da farin siminti. Likita ya ce zai yi tafiya, amma gudun gasa ya ƙare. Da Mme Malefa ta zo dubiya ta tambayi yadda aka yi yara suka bi hanyar dama, Puleng ta buɗe baki za ta yi magana, Mokhethi ya ɗaga mata hannu.

"Mme, yarinyar nan ta roƙe ni in riƙe ƙararrawata a mararraba. Na ƙi. Da gangan na kaɗa ta."

Pitso, da ke zaune a gefen gado yana cin lemon da aka kawo wa majinyaci, ya ce, "To, bijimi dai ya karye, sai a jira damina a sayi wani." Matar Mokhethi ta jefe shi da ɓawon lemo.

Ranar jajibiri aka yi zaɓe. Ba a sha wahalar ƙirga ba, domin bayan Puleng yara suka taru. Bargon kuwa yana gidan Mokhethi, don haka shi da kansa ya aika aka ɗauko, ya miƙa wa Puleng da hannu biyu. Waɗanda suke wurin sun ce ya ɗan daɗe bai saki gefensa ba. Hassada ba ta barin zuciya rana ɗaya kamar baƙon da ya gama cin abinci, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ta bar tasa a take ba. Amma ya saki.

Ranar rufewa gari ya yi wasai. Aka zaunar da shi a bakin fili cikin iyaye, ƙafarsa a kan kujera, yana lulluɓe da tsohon bargonsa ruwan toka na gida. Daga can sama aka fara jin 'yar ƙaramar ƙararrawa, siririya, ita kaɗai a dukan tsaunin. Ga jan bargo a kafaɗar wata, ga dogon layin yara yana lanƙwasa a bayanta. Iyaye suka yi ta guɗa da tafi. Mokhethi ya kalli wurin da ya saba tsayawa a kowace shekara.

Maimakon ta tsaya a tsakiyar fili kamar yadda aka saba, Puleng ta karkato da layin zuwa gefen da yake zaune. Da ta zo daidai gabansa, sai ta damƙe ƙararrawar.

Dukan yaran makarantar, manya da ƙanana, har da wanda ya taɓa yi masa kukan saniya, suka zube daɓas a gaban tsohon malaminsu.

Bonolo ta rarrafo ta kama gefen bargonsa, ta juya tana gaya wa yaron da ke kusa da ita da babbar murya, "Kakana ne wannan. Shi ya fi kowa iya wasan. Da ƙararrawa ta yi shiru ya zauna, har yau bai tashi ba!"

Wurin ya kaure da dariya. Mokhethi ma ya yi, har kafaɗunsa suna girgiza, sannan ya ja gefen bargon ya rufe fuskarsa, kuma babu wanda ya yi rashin ladabin tambayarsa dalili.

Darasi: Idan Allah ya ba wani baiwa a kusa da kai, ba daga rabonka aka yanko ba. Mai hassada yakan kwaikwayi abin da ke hannun ɗan'uwansa ya manta da abin da ke zuciyarsa, kuma cutar da ya shirya sau da yawa a kan wanda ya fi ƙauna take fara sauka. Girman babba ba ya cikin danne muryar na ƙasa da shi, yana cikin sanin lokacin da zai yi shiru. Ku isar da wannan labari ga 'yan'uwa da abokan aiki, musamman waɗanda suka daɗe a kan kujera, tun kafin wani ya sayi tasa ƙararrawar.